Ɗan dillalin albasa da jami'o'in Amurka: nazarin lamarin wani ɗalibi daga Agege

Yaron da wannan nazari ya shafa haifaffen Agege ne, shekararsa 18 lokacin da ya fara neman gurbin karatu a Amurka a ƙarshen 2024. Mahaifinsa mutumin Aliero ne ta jihar Kebbi, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, mai mata biyu da 'ya'ya tara, ban da na 'yan'uwa da yake riƙo. Na sakaya sunayensu. Ni malamin lissafi ne mai darasin yamma a unguwar, ta nan na san yaron tun yana ajin farko na babbar sakandare.

Tambayar da mahaifin ya kawo mini gajeriya ce: "Malam, ka faɗa mini gaskiya, yaron nan zai samu ko ba zai samu ba? In cinikin kifi a ruwa ne, kada mu zuba kuɗi." Iyaye da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende suna yin irin wannan tambaya, amsar da suke samu kuwa ko dai zuga ce marar tushe, ko kashe gwiwa. Ina ganin ta cancanci amsa mai lissafi.

Abin da ya zo da shi

A jarrabawar WAEC ta 2024 ya ci A1 bakwai, B2 a Turanci, B3 a darasi guda. A JAMB ya samu 301 cikin 400, amma bai samu gurbin injiniyan lantarki da ya nema a waccan shekarar ba. Makarantar gwamnati ya yi, inda aji ɗaya ke ɗaukar yara fiye da 70, kuma shi ne na ɗaya a lissafi da fiziks shekara uku a jere. Ya zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, a Agusta ya samu 1340 cikin 1600, ya sake a Oktoba ya samu 1480, da 780 a ɓangaren lissafi. Kowane zama ya ci sama da dala 100. Yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara 14, yana kuma taya malamin Islamiyyarsu koyar da ƙananan yara.

A unguwa, wannan yaro tauraro ne. A teburin masu tantancewa a Amurka kuwa, ɗaya ne cikin dubbai masu irin wannan sakamako daga Legas da Akra da Nairobi da Daka da Katmandu. Wannan ne abu na farko da na gaya wa Alhaji, mahaifin yaron, kuma bai ji daɗinsa ba.

Jerin makarantun da yaron ya fara kawowa biyar ne: Harvard, MIT, Stanford, Yale, Princeton. Duk a YouTube ya san su. A zangon da ya gabaci nasa, mutum 54,008 suka nemi Harvard, ta ɗauki 1,937, wato kashi 3.6 cikin 100. A MIT, wadda ke wallafa alƙaluman baƙi daban, wajen mutum 2 ne cikin kowane 100 na 'yan ƙasashen waje ke samun shiga. Akasarin waɗanda irin waɗannan makarantu ke ɗauka suna da 1500 zuwa sama a SAT. Saboda haka 1480 ba ya fitar da shi daga layi, amma ba ya tura shi gaba. Yaron ya yi wani lissafi da yara da yawa ke yi: idan kowace tana ba da kashi 2 ko 3, to biyar a haɗe sun kai 10 ko 15. Ba haka abin yake ba, domin takarda ɗaya ce ke zagaya su duka, raunin da waccan ta gani wannan ma za ta gani.

Da yaren kasuwa na yi wa Alhaji bayani. Mai saye ya zo da mota mai ɗaukar buhu 20, ya tarar da buhu 500 kuma duk albasar mai kyau ce. Buhu 480 da ya bari ba ruɓa suka yi ba, mota ce ta cika. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya gane.

Inda maganar take: kuɗi

Kuɗin shekara ɗaya a irin waɗannan makarantu, da karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. A canjin ƙarshen 2024, lokacin da dala ta wuce naira 1,500, wannan ya zarce naira miliyan 120 a shekara. Abin da Alhaji ya ce zai iya fitarwa ba tare da ya taɓa jarinsa ba bai wuce dala 3,000 ba. Ke nan yaron na buƙatar kusan cikakken tallafi, kuma wannan buƙata ita ce ta fi komai tasiri a kan damarsa, ta fi A1 bakwai, ta fi SAT.

Dalili shi ne makarantun Amurka iri biyu ne wajen baƙi. Akwai 'yan kaɗan da ba sa duba aljihun ɗalibi lokacin yanke hukunci, in sun ɗauke shi kuma su biya duk abin da iyayensa suka gaza: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a haka, Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, daga baya Brown da Notre Dame da Washington and Lee suka bi sahu. Yawancin sauran, har da manya irin Stanford da Columbia, suna duba aljihun baƙo. Suna da kasafi ƙayyadadde na tallafin 'yan waje, kuma yaron da ke buƙatar dala 80,000 yana cinye abin da zai ishi yara huɗu masu buƙatar 20,000. Makarantar da ke ɗaukar kashi 30 na masu nema gaba ɗaya tana iya zama mai tsanani kamar Harvard ga baƙon da bai da ko kwabo. Jami'o'in jihohi kuwa, galibinsu ba sa ba baƙi tallafin buƙata sam. Shi ya sa nake cewa ɗalibin Najeriya mai neman cikakken tallafi ba shi da wata makaranta a Amurka da zai kira tabbas. Tabbas ɗinsa yana jami'o'in gida, a Akoka ko Ojo ko Zariya.

Mutane kan ji cewa ɗaliban Najeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka a zangon 2023 zuwa 2024, ƙasa ta bakwai a duniya kuma ta ɗaya a Afirka, sai su ɗauka ƙofar a buɗe take. Fiye da rabinsu digiri na biyu da na uku suke yi, da yawa daga masu digirin farko kuma iyayensu ke biya. Wannan adadi bai ce komai ba game da ɗan dillali.

A nan ne wani ejan a Ikeja ya shigo. Wani abokin kasuwar Alhaji ya haɗa su. Shawararsa ita ce yaron ya nuna ba ya buƙatar tallafi don a fi saurin ɗaukarsa, a ranto kuɗi a zuba a asusu na 'yan makonni a ciro takardar banki, in ya isa can sai ya nemi taimako. Ya kuma yanka kuɗin aikinsa mai kauri. Na ƙi wannan shawara da ƙarfi, kuma har yau ina jin zafinta, domin na san gidajen da ta rusa wa lissafi. Makarantu da dama sun rubuta ƙarara cewa baƙon da bai nemi tallafi lokacin neman gurbi ba, ba zai iya nema daga baya ba har ya gama. Yaro zai isa, ya yi zango ɗaya, a rufe masa rajista saboda bashi, takardar zamansa ta lalace. In kuma aka gano takardar bogi wajen neman biza, hukuncin dokar shige da fice ta Amurka na iya zama haramcin shiga na har abada. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan harka kuwa yaron ne ke faɗawa, ba ejan ba.

Faɗar gaskiyar ma ba ta zo da sauƙi ba. Wajen neman tallafi, yawancin makarantun na amfani da fom ɗin CSS Profile na hukumar College Board, wanda aka tsara don gidan da ke da albashi da takardar haraji. Alhaji ba shi da ko ɗaya. Abin da ya fi rikitarwa shi ne asusunsa na banki: miliyoyi na shiga suna fita kowane mako. Wanda ya gan shi daga nesa zai ce attajiri ne. Alhali kuɗin manoma ne da fataken Aliero da suka turo kaya, shi la'ada kawai yake cira a kan kowane buhu ya tura musu sauran. Ga kuma gida mai mata biyu da mutum 14 masu ci daga tukunyarsa, wanda babu gurbinsa a fom ɗin sai a wurin ƙarin bayani.

Shi kansa Alhaji ya turje. "Malam, ni in zauna in rubuta wa Turawa abin da nake samu? Ko iyalina ba su sani ba." Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya gina rayuwarsa a kan rufin asiri, ba ya so a ce mai kuɗi ne, ba ya so a ce matalauci ne. Yayansa ne, wanda yaron ke kira Baba Babba, ya shawo kansa ta waya daga gida. Ya ce masa, in likita ya tambayi ciwo ba a ɓoye masa, kuma takardar ba a kasuwa za a karanta ta ba.

Abin da ya warware matsalar wani abu ne da yaron bai taɓa ɗauka a bakin komai ba. Tun yana aji uku na ƙaramar sakandare shi ke riƙe wa mahaifinsa littafin ciniki. Ranakun Asabar da lokacin hutu yakan bi shi kasuwa kafin asuba, lokacin da manyan motoci ke sauke kaya. Yakan zauna a kan buhu da fitilar waya a baki, yana ƙirga abin da 'yan dako ke saukewa, yana rubuta sunan mai kaya da adadin buhu da wanda ya jiƙe a hanya. Gari na wayewa matan Yarbawa masu sari su zo, shi ne tafinta tsakaninsu da direbobi, shi ke rubuta wadda ta ɗauka bashi da ranar biya. Daga baya ya mayar da littafin cikin Excel a wata tsohuwar kwamfuta. Daga wannan lissafi muka fitar da la'adar shekara biyu, wata bayan wata, aka ware kuɗin mutane daga na gida. Muka haɗa da wasiƙar shugabannin 'yan albasa na kasuwar da takardar rantsuwa daga kotu, da bayani na shafi ɗaya a kan yadda dillanci ke aiki. Makarantu biyu sun aiko da ƙarin tambayoyi, kuma an amsa su daga littafin nan.

Rubutu da shaidar malamai

Manhajar Common App, wadda ake neman makarantu har 20 da ita, tana buƙatar rubutun bayanin kai da bai wuce kalma 650 ba. Na farkon da yaron ya yi cewa yake tun yana ƙarami burinsa ya magance matsalar wutar lantarki a Najeriya. Babu ƙarya a ciki, amma babu shi a ciki. Duk mai karanta takardun 'yan Najeriya ya ga irinsa ba adadi. Da na ce ya rubuta a kan kasuwa, sai ya ce, "Malam, ai wannan aikin gida ne, ba abin faɗa ba ne." Ya ɗauka ayyukan da ake nema su ne ƙungiyar muhawara da gasar ƙasa da ƙasa irin na 'yan makarantun kuɗi na Lekki da Ikoyi. Alhali a cikin gurabe 10 na ayyuka da manhajar ta tanada, akwai rukuni na musamman don ɗawainiyar iyali.

Rubutun da ya aika a ƙarshe a kan abin da ya gano ne a lissafinsa: cewa asarar albasa da damina tana bin yawan kwanakin da mota ta yi a hanya da irin rufin da aka yi wa kayan, da yadda ya sha wuya kafin mahaifinsa ya yarda ya duba alƙaluman ɗan ƙaramin yaro. Da hannunsa ya rubuta. Na gyara masa nahawu, ban taɓa muryarsa ba.

Shaidar malamai ta fi ba mu wahala. Wasiƙar farko layi uku ce: yaro ne mai ladabi, mai biyayya, mai ƙoƙari. A wurinmu yabo ne, a wurinsu wasiƙa ce da ba ta ce komai ba. Malamin fiziks ɗinsa, mutumin kirki, ya zauna ya sake rubutawa, ya kawo labarin yadda yaron ya koyar da ajin na makonni lokacin da shi malamin ke jinya, ya kuma faɗi matsayinsa cikin duk ɗaliban da ya koyar. Aka haɗa da shafi ɗaya mai bayyana makarantar: yawan ɗalibai, rashin kayan ɗakin gwaji, da yadda A1 ke da wuya a can. Ba tare da wannan shafi ba, mai karatu a Amurka ba shi da ma'aunin da zai auna sakamakon. Tsarin waɗannan takardu a wurin masu ba da shawara na EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka, a Legas ya koya, kuma shawararsu kyauta ce. Suna da shirin Opportunity Funds mai ɗaukar nauyin kuɗin jarrabawa da na nema ga haziƙai marasa hali, amma lokacinsa ya wuce kafin yaron ya ji labari. Ya dai samu yafiyar kuɗin fom, wanda kan kai dala 75 zuwa sama a makaranta ɗaya.

Jerin ƙarshe da sakamako

Makarantu 14 ya nema a Amurka. Huɗu daga waɗanda ba sa duba aljihu, domin bai kamata a hana yaro gwada sa'arsa ba. Bakwai ƙananan kwalejoji ne da sunansu bai iso Agege ba, masu duba aljihu amma masu cike buƙatar duk wanda suka ɗauka. Biyu masu ba da tallafin hazaƙa. Sai Berea ta jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga ɗalibanta. Wannan jeri ya tilasta masa sassauci, domin yawancin ƙananan kwalejojin ba su da sashen injiniya, sai fiziks da kimiyyar kwamfuta. Ya yi kwanaki yana juyayi kafin ya amince. A gefe ya nemi jami'ar Ashesi ta Gana, ya kuma sake zama JAMB a 2025 tunda sakamakonta na shekara ɗaya ne.

Kafin a aika, ga abin da na faɗa wa Alhaji. A manyan huɗun nan, kada ya sa rai. A sauran goman a haɗe, akwai dama ta gaske amma ta fi kusa da a rasa fiye da a samu. Ya ce in dai abin da za a kashe bai wuce na jarrabawa da takardu ba, a gwada.

Ya yi amfani da neman farko na watan Nuwamba, mai ɗaure ɗalibi ga makaranta ɗaya in ta ɗauke shi, a ɗaya daga ƙananan kwalejojin. A Disamba suka ɗage shi zuwa zagayen tantancewa na gaba, daga bisani suka ƙi. A ƙarshen Maris 2025 sauran amsoshi suka fito. Manyan huɗun duk sun ƙi. Biyu suka sa shi a jerin jira, wanda ga mai buƙatar cikakken tallafi kusan ƙi ne, domin kafin a kai ga jerin kasafin ya ƙare. Masu tallafin hazaƙa biyun sun ɗauke shi, amma bayan ragin da suka yi saura fiye da dala 25,000 a shekara. Wasiƙun na da kyau, har an yi ta yawo da hotonsu a WhatsApp na dangi ana barka, sai da na zauna da Alhaji muka karanta shafi na biyu inda lissafin yake.

Ɗaya ce tak ta zo da abin da ake nema: ƙaramar kwaleji a tsakiyar Amurka, ta bar wa iyali dala 4,800 a shekara, tare da aikin sa'o'i a harabar makaranta. Yaron ya rubuta musu cikin ladabi, ya nuna yadda faɗuwar naira ta rage ƙarfin la'adar mahaifinsa, suka sauko zuwa 3,500. Baba Babba ya ɗauki nauyin cikon da kuɗin jirgi.

Masu tantancewa ba sa faɗin dalilinsu, amma a karatuna abu uku ne suka yi aiki tare. Sakamakonsa ya isa a buɗe takardarsa. Rubutunsa da wasiƙar malaminsa da bayanin kuɗin gidansu duk labari ɗaya suka bayar, kowanne na gaskata ɗan'uwansa. Sannan ya nemi inda ba kowa ke nema ba. Da ya tsaya a jerinsa na farko, da sifili ya tashi da shi, da wannan ƙwaƙwalwa da wannan ƙoƙari. Ban kuma cire rabo ba: takarda iri ɗaya makarantu shida masu kama da wannan suka gani ba su ɗauka ba.

Biza

Samun gurbi bai ƙare maganar ba. Bayan takardar I-20, wadda makaranta ke aikowa don neman bizar ɗalibi, ta iso, an biya dala 350 na rajistar ɗaliban waje ta SEVIS da dala 185 na neman biza. Ana cikin haka, a ƙarshen Mayu 2025, Amurka ta dakatar da ba da sababbin ranakun ganawa ga ɗalibai a duniya baki ɗaya, sai bayan tsakiyar Yuni aka dawo, da sharaɗin a buɗe shafukan sada zumunta don bincike. A Yuli kuma aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku. Irin ta ya samu bayan ganawarsa a ƙaramin ofishin jakadanci da ke Victoria Island, ya tashi a Agusta. A ganawar an tambaye shi sana'ar mahaifinsa da wanda zai biya ragowar kuɗin, ya amsa da abin da ke cikin takardunsa.

Ma'anar wannan biza ita ce yana iya zama ya yi karatunsa muddin takardun makarantarsa na kan ƙa'ida, amma in ya fito sai ya nemi sabuwa kafin ya koma. A Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza daga farkon 2026, har da ta ɗalibai. Saboda haka shawarar gida ita ce kada ya zo hutu, mahaifiyarsa kuma ta san ba za ta gan shi nan kusa ba. Wannan farashi ne da babu wanda ya sa a lissafi lokacin da aka fara.

Ƙanwarsa da ke bin sa ta fi shi ƙarfi a Turanci, ba ta kuma gaza shi a lissafi ba. Da Alhaji ya sake zuwa da tambayarsa a kanta, na ce kafin a kashe ko sisi a SAT a fara tabbatar da halin da dokar biza ke ciki daga ofishin jakadanci, ba daga bakin ejan ba. A yanzu JAMB take shiryawa da niyyar Jami'ar Legas, tana kuma haɗa takardun Ashesi, inda gidauniyar Mastercard ke ɗaukar nauyin wasu ɗalibai. Ita ke riƙe da littafin ciniki tun tafiyar yayanta.